Idan Alƙalami Ya Cije: Me Ke Tsayar da Marubuci a Tsakiyar Labari?

Duk mai bin littattafan Hausa a WhatsApp ko Wattpad ya san irin sanarwar nan. Labari na tafiya lafiya, kullum ana sako shafi, an kai wajen da zuciyar kowa ta rataya, sai a ji shiru. Kwana uku, mako guda, sannan marubuciya ta ɓullo da ban haƙuri: a yi mata uzuri, kanta ya kulle, ta zauna za ta yi taifin amma abin ya ƙi zuwa. Masu karatu kuwa nan take za su rabu. Wasu su yi mata addu'a, wasu su ce jan aji take yi, wasu su ce kambun baka ne ya kama ta tunda littafin ya yi suna, wasu kuma, musamman waɗanda suka biya kuɗin shiga guruf, su fara maganar a mayar musu da kuɗinsu. Ita kanta a ɓoye abin da ke cin ranta ya fi duk waɗannan: tsoron ko basirar ce ta ƙare.

Da wuya a ce basira ce ta ƙare. Abin da muke haɗawa mu kira cijewar alƙalami cututtuka ne daban-daban da suka yi kama a fuska, kuma maganin ɗaya kan ƙara wa ɗaya ciwo. A ganina mafi yawansu ma ba a jikin marubucin suke ba, a cikin labarin suke. Shi ya sa nasihar da aka saba yi, wato a huta, a sha iska, a jira ilhama ta dawo, sau da yawa ba ta kai mutum ko'ina.

Mutane biyu daga Amurka sun isa su nuna yadda abin ke da fuska fiye da ɗaya. Joseph Mitchell ɗan jarida ne a mujallar New Yorker, kuma ana ƙirga shi cikin gwanayen zamaninsa. Bayan aikinsa na 1964 ya ci gaba da zuwa ofis, ya shiga ya rufe ƙofa, yamma ta yi ya koma gida, har ya rasu a 1996 bai sake fitar da wani rubutu a mujallar ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Ralph Ellison kuwa ya fitar da ƙagaggen labarinsa na farko a 1952, ya ci babbar lambar yabo ta ƙasar a shekarar da ta biyo baya, duniya ta zuba ido tana jiran na biyu. A 1967 gobara ta cinye wani sashe na rubutun a gidansa, amma ba ita ta tsayar da shi ba, domin ya ci gaba da rubutu har mutuwarsa a 1994, ya bar shafuka sama da 2,000 da ya kasa ɗinke su su zama littafi guda. Mitchell hannunsa ya tsaya, Ellison kuwa hannunsa bai taɓa tsayawa ba, amma sakamakon ɗaya ne. Wanda ya ce maganin abin kawai "zauna ka rubuta" bai yi bayanin Ellison ba.

Likitan da ya fara ɗaukar abin a matsayin lalura mai suna, Edmund Bergler, mabiyin koyarwar Sigmund Freud ne, shahararren mai nazarin tunanin ɗan Adam. Ya yi ƙaura daga Ostiriya zuwa Amurka, kuma a 1947 ya raɗa mata suna da Turanci, writer's block. Shi ya kai asalin matsalar can yarinta, har zuwa shayarwa da dangantakar jariri da uwarsa. Yau da wuya ka sami mai bin wannan bayani. Wanda ya fi amfanar mu shi ne aikin Mike Rose, malami a wata jami'a a Kalifoniya, wanda a 1980 ya wallafa nazarin da ya yi a kan ɗalibai goma, biyar masu cijewa, biyar masu rubutu ba gargada. Bai tarar da bambancin ƙwaƙwalwa ko na iya harshe a tsakaninsu ba. Abin da ya tarar shi ne masu cijewar suna riƙe da wasu ƙa'idoji kamar wahayi: dole jimlar farko ta kama mai karatu nan take, dole a kawo hujja uku ko fiye, dole kowace jimla ta daidaita kafin a wuce zuwa ta gaba. Su ma sauran biyar ɗin sun san ƙa'idojin, amma idan ƙa'ida ta tare musu hanya sai su kauce mata su wuce.

Mu ma muna da namu irin waɗannan. Dole a buɗe babi da siffanta gari ko yanayi cikin zaƙin baki. Dole a sa karin magana. Dole kowane shafi ya ƙare a wajen da zai hana mai karatu barci. Dole Hausar ta fita tsantsa, kada wani malamin jami'a ya gani ya yi dariya. Babu wadda ta zama laifi a cikinsu, amma idan marubuci ya ɗora su duka a kan jimlar da bai ma rubuta ba tukuna, to ya kira alƙali kafin a haifi wanda za a yi wa shari'a. Ƙirƙira da tacewa ayyuka biyu ne, kuma ba sa son zama a kujera ɗaya lokaci ɗaya. Mai ƙirƙira yana buƙatar ya faɗi abin banza goma kafin na kirki ya fito. Mai tacewa aikinsa ya kashe abin banza da zarar ya gan shi. Idan na biyun ya riga na farkon zama, sai ka ga mutum ya rubuta layi ya goge, ya sake ya goge, har cajin wayar ya ƙare shafin yana nan fari fat. Bahaushe ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma a dandali gaskiya ce. A ɗaki, kai kaɗai da takarda, karin maganar nan guba ce, domin rubutun farko muguwar rawa ce a wurin kowa, har gwanayen da muke ganin kamar da zaƙin bakinsu aka haife su.

Wannan nau'in ya fi kama mutum a farkon littafi, ko bayan wani littafinsa ya yi fice, lokacin da yake jin duk idanu na kansa. Maganinsa sananne ne kuma yana aiki: a ba wa kai izinin yin mummunan rubutu na wani ɗan lokaci ƙayyadadde, minti goma ko sha biyar, ba gogewa, ba komawa baya, ko da abin da ke fita shirme ne. A tsallake buɗewar gaba ɗaya a fara daga wurin da aka riga aka ga hotonsa a zuci. Buɗewa ta fi sauƙin rubutuwa bayan an san abin da take buɗewa.

Amma wanda ya fi addabar marubutanmu ba shi ba ne. Shi ne tsayawar tsakiya. An yi shafi talatin ko arba'in cikin nishaɗi, taurarin labari sun kafu, masu karatu sun kamu, sai kwatsam a rasa abin da zai biyo baya. Duk abin da aka gwada sai ya fito a bushe, hirar ba ta da rai, tauraruwa tana magana kamar an ɗora mata karatu. A nan marubuci kan zargi kansa, alhali hankalinsa ne ke yi masa aiki. Wani sashe na tunaninsa ya riga ya gane cewa labarin ya saki hanya, shi ne yake ƙin ba shi hannu a ci gaba da tafiya a kan kuskure. Magini idan ya kai jeri na goma ya ga bango ya karkace, ya san ba a jeri na goma matsalar take ba. Can ƙasa, wajen na uku ko na huɗu, aka aza wani bulo a gicciye. Haka labari yake. Inda ka tsaya ba nan ne inda ka ɓata ba.

Kuskuren yakan kasance ɗaya daga cikin 'yan abubuwa. An sa wani ya aikata abin da halinsa ba zai bari ya aikata ba, don kawai ana son a kai wani waje: yarinyar da aka gina a kan kunya da biyayya ta tashi dare ɗaya ta zagi mahaifinta saboda marubuciya na buƙatar a kore ta daga gida. Ko an warware babban rikicin da wuri, an yi sulhu an ɗaura aure a shafi na ashirin da biyar, sauran tafiyar ta zama jan rai, sai a fara jawo kishiya, hatsarin mota, mantuwa da boka don a cike gurbi. Ko kuma tun farko ba a san me tauraron yake so ba, an san dai kyakkyawa ne mai kuɗi mai miskilanci. Mutumin da ba ya neman komai ba shi da inda za shi, kuma marubucinsa dole ya tsaya tare da shi.

Marubucin da ke aiki a ɓoye, idan ya gano haka, sai ya koma baya ya rushe babi uku ya sake gini, babu wanda ya sani. A nan ne tsarin rubutun intanet ya zame wa marubutanmu tarko. Shafin da aka rubuta da daddare da safe ya shiga guruf, kafin azahar an tura shi gurufa hamsin, an karanta an yi sharhi, wani ma ya ɗauka ya karanta shi a YouTube. Rubutun farko ya zama na ƙarshe. Bulon da aka aza a gicciye dubban mutane sun gan shi, ba damar cirewa. Ko a zamanin da adabin kasuwar Kano ke tashe, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa na 1990, lokacin da ake buga littafi kashi-kashi, na ɗaya ya samo kuɗin buga na biyu, marubuci na da damar riƙe kashi guda cur a hannunsa ya duba shi kafin ya kai maɗaba'a. Yanzu tazarar da ke tsakanin tunani da bugu ta koma sa'o'i.

Sannan ga muryoyin masu karatu. Sharhi na da daɗi, shi ne ma albashin da yawa daga cikin masu rubutun kyauta. Amma idan mutum ɗari suna cewa a haɗa wance da wane, wasu ɗari suna rantsuwa za su daina karantawa in aka yi haka, marubuciya na iya wayar gari ta tarar labarin ya daina zama nata. Ta bi ra'ayin masu rinjaye sau biyu ko uku, ta karkatar da akalar daga inda ta nufa tun farko, yanzu tana tsaye a wani wuri da ba ita ta zaɓe shi ba, ana kuma tambayarta ina ci gaba. Ba mamaki kai ya kulle. Alƙalin da Rose ya gani a cikin kan ɗalibansa ɗaya ne. Nata alƙalan suna da lambar wayarta.

Rigakafin ya fi maganin sauƙi, ko da yake yana buƙatar haƙurin da kasuwa ba ta so. Kada a fara sakin labari sai an san ƙarshensa, ko da a layi biyar ne aka rubuta aka ajiye, kuma sai an tara shafuka a gaba, yadda abin da masu karatu ke gani yau an rubuta shi makonni biyu ko uku da suka wuce. Wannan tazarar ita ce ɗakin gyara. Ita ce kuma ke raba marubuciya da zafin sharhi, domin duk abin da za a faɗa a kan shafin yau, na gobe da na jibi sun riga sun kammala.

In kuwa an riga an afka, shafukan sun fita, to sai a koma a karanta labarin daga farko a zama ɗaya, ba da idon gyaran rubutu ba, da idon neman wurin da zuciya ta fara sanyi. Kusan kullum akwai shi, kuma marubuci na gane shi idan ya iso, domin a nan ne ya tuna ya fara tilasta wa kansa. Tunda ba a iya gogewa, sai a mayar da kuskuren tambaya a cikin labarin. Yarinyar nan mai kunya da ta zagi mahaifinta, me ta sani wanda mu ba mu sani ba? Me ta gani a daren da ya gabata? Sau da yawa amsar wannan tambayar takan fi abin da aka shirya tun farko armashi, kuma masu karatu za su ɗauka da gangan aka yi. Wata dabarar da ta dace da mu ƙwarai ita ce a ajiye taifin a koma baki. Mu mutane ne da labari ya fi zauna mana a harshe, wanda ya kasa rubuta layi ɗaya, in ka ce masa "to, sai me ya faru?" sai ya ba ka labarin minti ashirin bai numfasa ba. A sami ƙawa ko ƙane a ba shi labarin, ko a kunna na'urar ɗaukar murya ta waya a yi ta zuba, daga baya a kwafe. Inda bakin ya yi tuntuɓe, nan ramin yake.

Akwai kuma tsayawar da rashin sani ke kawowa, wadda ba ta buƙatar dogon bayani. An kai tauraro kotu ba a taɓa shiga kotu ba, an kwantar da shi asibiti ba a san me likita ke cewa ba, an tura shi karatu Misira ko Indiya ba a san ko titi ɗaya a can ba. Ba basira ce ta toshe ba, kayan aiki ne babu. A je a zauna a kotun majistare na yini guda, a tambayi ma'aikaciyar jinya, a karanta. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, cikin kimanin wata shida a Zariya a 1936, kuma mutane kan kawo wannan a matsayin shaidar baiwa. Baiwar tana nan, babu musu. Amma a duba yanayin da ya yi aikin: an ɗauke shi daga aikin koyarwa a Katsina don wannan kaɗai, Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar wallafa littattafai a Zariya, ya tara masa littattafan labaru na Larabawa da Indiyawa da Turawa yana karantawa yana sarrafawa, akwai wa'adi, akwai kuma mutum ɗaya mai ido da ke duba abin da ya rubuta. Bai zauna gaban farar takarda yana jiran sama ta buɗe ba.

Batun jiran ilhama ma an gwada shi. Robert Boice, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya raba malaman jami'a masu fama da rubutu gida uku a wani gwaji da ya wallafa a 1983. Kashi ɗaya aka ce su dakata da rubutu sai na dole, kashi na biyu su rubuta duk lokacin da suka ji sha'awa, na uku kuwa aka ɗora musu rubutu a kowace ranar aiki, da sharaɗin in suka saɓa za a aika kuɗinsu ga wata ƙungiya da suka tsana. 'Yan kashi na ukun ba yawan shafuka kaɗai suka fi ba, har sababbin dabaru sun fi zo musu a kai a kai. Wato ilhama ta fi ziyartar wanda ta tarar a bakin aiki. Anthony Trollope na Ingila, wanda ya yi shekaru yana aikin gidan waya, da asuba yake tashi ya ajiye agogo a gabansa yana neman kalma 250 a kowane minti goma sha biyar, kuma ya bar littattafan ƙagaggun labarai 47.

Sai dai ina ganin kuskure ne a ɗauki wannan a miƙa wa marubuciyar intanet a ce ga magani. Malaman da Boice ya yi gwajin a kansu mutane ne da babu mai matsa musu, shi ya sa matsi ya amfane su. Ita kuwa matsi ne ya yi mata yawa. Tana rubutu kullum, da bulalar masu karatu a bayanta, sau da yawa bayan ta gama girki da wanki da kwantar da yara, ƙarfe ɗayan dare, a kan allon waya, da yatsa biyu, tana lissafin caji da data. Abin da za ta ɗauka daga Boice shi ne ƙanƙantar zaman da dawwamarsa: rabin sa'a a lokaci sananne, a tashi tun da sauran abin faɗa a baki don gobe a sami bakin zare. Abin da za ta bari shi ne tarar kuɗin nan. Kuma rubutun kullum ba ya nufin saki kullum.

Ba kowane shiru ne cijewa ba. Chinua Achebe ya fitar da ƙagaggen labarinsa na huɗu a 1966, na biyar bai fito ba sai 1987. A tsakani an yi yaƙin basasa, ya rasa amininsa mawaƙi Christopher Okigbo a fagen daga a 1967, kuma a shekarun nan ya rubuta waƙoƙi da gajerun labarai da maƙaloli, ya koyar, ya kafa mujalla. Dogon labari ne ya ƙi zuwa, sauran ƙofofin a buɗe suke. Wannan ya ba mu ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya gwadawa. A ajiye littafin da ya cije a gwada wani abu dabam: gajeren labari, wasiƙa, waƙa, ko tarihin kakar mutum. In hannu ya saki, to matsalar tana cikin littafin, sai a koma neman inda aka saki hanya, ko kuma a yarda cewa wannan labarin bai nuna ba tukuna, a faɗa wa masu karatu gaskiya da ranar da za a dawo, a mayar wa masu biya haƙƙinsu in ta kama.

In kuwa komai ya ƙi, ba rubutu kaɗai ba, karatun da ake so ya fita daga rai, barci ya lalace, abinci ba daɗi, zumunci ya zama nauyi, kuma abin ya ɗauki makonni, to an bar maganar adabi an shiga ta lafiya. Ciwon damuwa na zuwa da wannan kamar, yana kuma yawan samun mata bayan haihuwa, lokacin da kowa ke cewa gajiyar jego ce kawai. Babu dabarar rubutu da ke warkar da shi, kuma tilasta wa kai shafi uku a rana a irin wannan hali ƙarin dalili ne na ganin kai a matsayin wanda ya gaza. Wannan na likita ne, kuma asibitocin koyarwa da na ƙwaƙwalwa a Kano da Kaduna da Maiduguri da Sakkwato suna da sashen da ke duba shi.